Ƙanena ɗan shekara 23 ba ya iya kai jarkar ruwa gida sai da haki, an ce asma ce amma magani ya ƙi ci

Yayar Gida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don girman Allah, masu ilimin lafiya da waɗanda suka taɓa ganin irin wannan su ba ni shawara, kaina ya kulle. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 23, yana zaune wurina a Tudun Wada nan Gusau. Yaron da na sani yana cicciɓar buhun masara shi kaɗai ya ɗora a amalanke, yau jarkar ruwa ɗaya daga famfon bakin layi zuwa gida sai ya dire ta sau uku yana haki kamar wanda aka koro. Ko alwala ya sunkuya ya ɗago, sai ya dafa bango. Wata na biyar ke nan. Mun je kemis aka ce asma ce, aka ba shi abin fesawa a baki, shuɗin nan, da wasu ƙwayoyi, har allura an yi masa sau biyu. Ranar allurar ya ɗan ji dama, kwana biyu abin ya dawo. Innarmu ta ce sanyi ne ya kama masa ƙirji, an dafa citta da kanumfari an zuba zuma, an shafa man zafi. Shiru. A danginmu kaf babu mai asma. Shin tana kama mutum da girmansa haka rana tsaka? In kuwa ita ce, me ya sa maganin ya ƙi ci?

Ɗan Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba shi lafiya. Ni tun ina firamare nake fama da asma, don haka na san halinta. Tawa zuwa take yi ta tafi. Da hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, in na bi bayan tirela a hanyar Funtuwa na sha ƙura, to daren nan ba barci, ƙirjina ya yi ta kuka kamar ɗan mage, ya fi tsanani gab da asuba. Amma in na fesa shuɗin sau biyu, kafin minti goma na dawo hayyacina. Kuma tsakanin tashi da tashi garau nake, ina ɗaukar fasinja har da buhunsa. Wanda kullum cikin haki yake, abin sai gaba yake yi, fesawa ba ta taɓa shi, anya kuwa Yaya? Wannan bai yi kama da tawa ba.

Mai Kemis:
Yawancin mutane ba su iya fesawar ba ne. Sai su fesa a kan harshe su haɗiye, maganin bai kai huhu ba, su dawo su ce jabu muka sayar masu. Hajiya, ki sa shi ya girgiza, ya fitar da numfashi duka, sannan ya danna yana ja a hankali, ya riƙe kamar daƙiƙa goma. In bai ji sauƙi ba a haɗa masa da firedinisolon na sati biyu, zai warware in sha Allahu.

Sista Mai Jinya:
Malam, bayaninka kan yadda ake fesawa daidai ne, amma don Allah ka janye maganar firedinisolon. Ba ka ga yaron ba, ba ka saurari ƙirjinsa ba, ba ka san abin da ke cikin huhunsa ba. Wannan ƙwayar tana danne garkuwar jiki. In tibi ke gare shi, kamar ka zuba wa wuta fetur ne. Hajiya kada ki saya tukuna. Ki amsa mani waɗannan: yana tari, kuma tun yaushe? Ya rame? Yana jiƙewa da zufa da dare ko da ana sanyi? Ƙafafunsa sun kumbura? In kin buɗe fatar idonsa ta ƙasa, ja ce ko fara fat? Yana shan taba ko shisha? Sannan wace sana'a yake yi, ko ya taɓa yi?

Mai Kemis:
Sista, ku kuna asibiti ba ku san abin da muke gani ba. Mutum zai zo da dubu ɗaya a hannu, ka ce masa ya tafi asibiti ya ce ko kuɗin kati ba shi da su. In kore shi?

Sista Mai Jinya:
Na sani wallahi, ni ma daga cikin talakawan na fito. Ba cewa na yi ka kore shi ba. Amma gwajin majina na tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, maganinsa ma kyauta. Wanda ya zo maka da tarin da ya kai sati biyu, ka tura shi can ka fi samun lada.

Yayar Gida:
Sista na gode. Tari yana yi, ya fi wata uku, da farko busasshe, yanzu da ɗan kaki. Rama kam ya rame, wandunansa sai da mazagi. Zufar dare ma akwai, ina ganin matashinsa a jiƙe da safe. Ƙafa ba ta kumbura ba. Ba ya shan komai, wannan na shaide shi. Sana'a kuwa, shekara huɗu ya yi a wajen Anka yana aikin injin niƙan dutse wurin masu zinari. Rashin tsaro ne ya koro shi bara, shi ya sa yake wurina.

Ɗan Anka:
Innalillahi. Yaya, da kin faɗi wannan tun farko. Ni ma na yi aikin nan shekara uku. Wanda bai taɓa shiga rumfar injin ba ba zai gane ba. Injin irin na niƙan hatsi ne, ana ɗura masa dutsen da aka farfasa, a bushe, ya fito gari. Ƙurar ta turnuƙe rumfar har ba ka ganin na kusa da kai. Ka fito fari tas, gira da gashin hanci duk gari, ka tofa yawu ka ga laka. Abin da muke yi kawai mu ɗaura ƙyalle ko hirami a hanci, wani ma ya ce yana hana shi shan iska ya cire. In an tashi sai a ce a sha madara ko nono wai yana wanke ƙurar. Daga cikin waɗanda muka yi aiki tare, biyu na san sun rasu da ciwon ƙirji, kuma dukansu ba su kai talatin ba. Ce mana aka yi iskar ramin ce ta taɓa su.

Likita:
Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na tarar da wannan, zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Hajiya, sarƙewar numfashi ba ita ce cutar ba, alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Tana iya fitowa daga huhu, daga zuciya, daga jini, ko daga fargaba. Matsalarmu a nan ita ce duk matashin da ya yi haki sai a ce asma ko sanyi, a yi wata da watanni ana maganin abin da ba shi ne ba.

Ba zan iya yanke hukunci ta waya ba, amma abin da kika lissafa ya sa ina tunanin abu biyu, kuma sau da yawa tare suke tafiya. Na farko tibi: tari fiye da sati biyu, rama, zufar dare. Na biyu cutar ƙurar dutse, wadda muke kira silikosis. Dutsen da zinari ke ciki cike yake da sinadarin silika. In an niƙa shi a bushe, ƙurar da ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani. Tana wuce gashin hanci, ta wuce maƙogwaro, ta sauka can ƙarshen huhu inda iska ke shiga jini. Jiki ya yi ta ƙoƙarin cinye ta ya kasa, sai wurin ya zama tabo. Huhu mai lafiya kamar soso yake, mai tabo kuwa kamar busasshiyar fata, ba ya buɗewa. Shi ya sa abin fesawa bai yi aiki ba: aikinsa buɗe hanyoyin iska da suka tsuke, ba ya narkar da tabo. A da an san cutar da dattawan da suka shekara 20 suna fasa dutse, amma in ƙurar ta yi yawa irin yadda Ɗan Anka ya kwatanta, cikin 'yan shekaru kaɗan take kama mutum, kuma tana iya ci gaba ko bayan ya bar aikin. Huhun da ƙura ta raunata kuma tibi ya fi saurin kama shi ninkin-ba-ninkin.

Madara ba ta wanke komai, ciki take tafiya, ƙura kuwa tana huhu. Ƙyalle ma ba ya tare ƙananan. Abin da ya fi aiki shi ne jiƙa dutsen da fesa ruwa a bakin injin, sai takunkumi na musamman irin N95 da ya kama fuska sosai.

Mu mutanen Zamfara mun san ƙurar nan ta wata fuskar. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shekara da shekaru tana jinyar yaran. Hankalin kowa ya tafi kan yara, kuma ya dace. Amma samarin da suke tsaye a bakin injin suna shaƙar wannan ƙurar safe da yamma, ba a cika maganarsu ba. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar nan a 2019, ta ɗage a ƙarshen 2024, amma duk wanda ke nan ya san niƙa bai tsaya ba. Ga kuma zaibar da ake ƙonawa don fitar da zinarin, hayaƙinta shi ma yana ƙona huhu.

Abin yi gobe, ba jibi ba: ki kai shi sashen tibi, ko a asibitin tarayya na FMC, ko Asibitin Yariman Bakura, ko babban asibitin da ya fi kusa da ke. A gwada kakinsa da na'urar GeneXpert, a ɗauki hoton ƙirji, a auna jini. Kuma ki faɗa wa likitan da bakinki cewa ya yi aikin niƙan dutse shekara huɗu, ko bai tambaya ba. Kafin nan ya riƙa kwana shi kaɗai a ɗaki mai taga a buɗe, ya rufe baki in zai yi tari, kada yara su kwana tare da shi.

Yayar Gida:
Jikina ya yi sanyi, Likita. Yarana uku ɗaki ɗaya suke kwana da shi. Yau ɗin nan zan raba. Shi silikosis ɗin ana warkewa?

Likita:
Gaskiya zan faɗa maki, tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa. Amma tibi ana warkewa sarai, kuma in shi ne ya ƙara masa nauyi, za ki ga canji mai yawa in an yi maganinsa. Kada mu riga hoto magana.

Baba Na Ƙaura:
Ɗiyata, Allah shi ba yaro lahiya. Ni abin da ya ɗaure man kai, mu da munka taso, fuka muke ce ma wagga cuta ta mai kukan ƙirji. Yanzu kuma rediyo na cewa tarin fuka, wai shi ne tibi. To wace ce wace? Don akwai jikana da anka ce yana da fuka, uwar ta hana shi cin abinci kwano guda da 'yan uwanai.

Sista Mai Jinya:
Baba ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Sunan ne ya haɗu, cutar daban-daban. Asma, wadda kuka sani da fuka, ba a ɗaukarta ko kusa, ko an ci kwano ɗaya ko an kwana gado ɗaya. Tibi ƙwayar cuta ce, ta iska ake ɗauka in mai ita ya yi tari a ɗakin da ba iska, ba ta kwano ba. Don Allah Baba a mayar da yaron nan cikin 'yan uwansa, wariyar tana cin ransa a banza.

Baba Na Ƙaura:
Madalla. Yau kam sai na yi ma uwar magana.

Uwar Biyu:
Ku ba ni dama in saka tawa, ko wata za ta amfana. Ina da shekara 19 na haifi 'yan biyu. Sati uku da haihuwa na fara haki, ko zanin jariri na wanke sai na zauna. Da dare ba na iya kwanciya flat, sai an jera mani matashi uku, daga baya ma a zaune nake kwana jingine da bango. Ƙafafuna suka yi suntum. Kowa ya ce jego ne bai karɓe ni ba, a ƙara zafin ruwan wanka, a ƙara kunun kanwa. Sai da na fara tari da kumfa mijina ya ɗauke ni da ƙarfin tsiya zuwa asibiti. Aka yi hoton zuciya aka ce ta kumbura ta yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Na yi wata takwas ina shan magani. Alhamdu lillahi ga ni, amma makwabciyata da ta yi irin wannan ba ta kai arba'in ba.

Inna Ungozoma:
'Yar nan Allah ya ƙara lafiya. Amma kada a ɗora wa wankan jego laifi. Ni haihuwa goma sha ɗaya na yi, kowace sai da na yi wanka da ganyen darbejiya safe da yamma har arba'in, na sha kunun kanwa, ga ni daram. Iyayenmu ba wawaye ba ne. 'Yan matan yanzu ne ba su da ƙwari, an aurar da su ba su ci sun ƙoshi ba.

Likita:
Inna, a maganarki ta ƙarshe akwai gaskiya fiye da yadda kike zato. Wannan ciwon zuciya na masu jego yana zuwa ne daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya ne suka fara bayyana shi sosai a shekarun 1970, suka danganta shi da kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan da likitocin zuciya na Kano suka jagoranta ya fi nuna yatsa ga rama da rashin abinci mai gina jiki, hawan jini lokacin ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Don haka ba zan ce wanka ne ke kawo shi ba. Amma kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tara ruwa a jiki. Macen da zuciyarta ta riga ta gaza, in aka ƙara mata kanwa an ƙara mata kaya ne. Roƙona gare ki Inna, tunda ke ake fara kira kafin mu: mai jegon da ta kasa kwanciya sai a zaune, ko ƙafarta ta kumbura tana haki, a dakatar da kanwa a kawo ta ranar.

Inna Ungozoma:
Wannan kam na karɓa. Wankan dai ba zan hana ba.

Sista Mai Jinya:
In ƙara a kan na mata: mafi yawan 'yan matan da ke zuwa mana da haki da bugun zuciya da jiri, ƙarancin jini ne. Maleriya a kai a kai, jinin al'ada mai yawa, tsutsar ciki, ga cin tuwo ba nama ba ganye. Awon jini na minti kaɗan ya isa ya nuna. Masu sikila kuma su ji da kyau: ciwon ƙirji da zazzaɓi da haki a wurin mai sikila ba na jira ba ne, ko tsakar dare ne a tafi. Akwai kuma yaran da ciwon maƙogwaro ya yi ta kama su ba a yi magani ba, ya je ya lalata ƙofofin zuciya, sai sun zama samari haki ya bayyana. A irin wannan ne ake kai yaro wurin wanzami a cire beli, alhali maganin ƙwayar cuta yake buƙata.

Ɗaliba:
Ni tawa ban san inda zan sa ta ba. Tun daren da 'yan bindiga suka shiga garinmu muka kwana cikin gonar dawa, shekara biyu ke nan, sai in zauna lafiya lau, in na ji ƙarar babura da yawa ko an buga ƙofa da ƙarfi, sai numfashina ya yi sama-sama, zuciyata kamar za ta fito, yatsuna su yi tsami su ƙage, in ji kamar mutuwa zan yi. Bayan kamar minti ashirin ya sake ni. An yi hoton ƙirji, an yi na zuciya, an auna jini, aka ce ba komai. A gida an ce iska ce, an yi mani ruƙiyya sau huɗu. Har na daina faɗa don kada a ce ina da aljanu a fasa aurena.

Likita:
Ƙanwata, "ba komai" ɗin nan kuskuren faɗa ne. Akwai komai, sai dai ba a huhu yake ba. Abin da kika kwatanta sananne ne, firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali. Jikinki ya koyi gudun ceton rai a daren nan, yanzu ƙarar babur kaɗai ta isa ta tayar da shi. Kina jan numfashi da sauri fiye da buƙata, shi ke sa yatsu tsami da ƙagewa. Ba hauka ba ne, kuma ba ya kisa. In ya taso ki zauna, ki ɗora hannu a ciki, ki ja iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali ta baki kina ƙirga shida, ki yi ta maimaitawa. Kuma ki nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, ana jin sauƙi sosai. A jihar nan masu irin taki suna da yawa, maza da mata, shiru kawai suke yi. Sharaɗi ɗaya: ba a cewa fargaba ce sai an duba an tabbatar ba wani abu, kamar yadda aka yi maki.

Malamin Islamiyya:
'Yata, addu'a da karatun Alƙur'ani ki riƙe su, suna kwantar da zuciya. Amma ba kowace faɗuwar gaba ce aljani ba, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. Ku iyaye ku ji tsoron Allah ku daina liƙa wa yara sunan iska, kuna ɓata masu rayuwa.

Ɗaliba:
Na gode Malam, na gode Likita. Wallahi yau ne karo na farko da wani ya ce mani ga sunan abin.

Manomi Daga Argungu:
Ni baƙo ne a zauren, aiki ya kawo ni Gusau. A wajenmu fadamar shinkafa abin da ke kayar da samari feshi ne. Yaro ya goya tanki ba takunkumi ba riga, iska na maido masa da maganin a fuska. Ƙanena ya taɓa faɗuwa a gona, yawu na dalala, zufa, ƙirji na ƙara, idonsa ya ƙanƙance. Aka ɗura masa manja da madara, saura kaɗan ya shaƙe. A asibiti aka ce da mun cire masa kayan mun wanke shi da sabulu mun kawo shi tare da robar maganin, ba tare da ɗura komai ba. Sai kuma ƙaiƙayin sussuka da hayaƙin buntun da ake ƙonawa.

Sista Mai Jinya:
Haka ne, kuma irin wannan gubar ce a cikin fiya-fiyar da ake fesawa a ɗaki a rufe ƙofa yara na ciki. Tunda sanyi ya shigo in tuna mana: kaskon gawayi a ɗaki a rufe, da janareto a zaure ko kusa da taga, iskar da suke fitarwa ba ta da wari, mutum barci kawai zai yi ya wuce. Samari masu shan maganin tari mai kodin da taramol kuma su sani waɗannan rage numfashi suke yi, tun 2018 aka hana na kodin ɗin amma bai ɓace ba.

Ɗan Kabu-kabu:
Likita, tunda ana yi, ni shuɗin nan kusan kullum sai na fesa, ina shanye ɗaya a wata. Kuma mutane na cewa in ka saba da shi ba ka rabuwa da shi. Sannan azumi na tafe, yana karya azumi?

Likita:
Ba ya kama mutum kamar ƙwaya. Amma ɗaya a wata ya yi yawa ƙwarai, alama ce asmarka ba ta kwanta ba. Wanda ke buƙatarsa fiye da sau biyu a sati, ko yake shanye uku a shekara, yana cikin haɗarin mummunan tashi. Shuɗin buɗe hanya kawai yake yi na 'yan awoyi. Akwai na rigakafi, sau da yawa ruwan ƙasa ne, da ake shaƙa kullum ko ana lafiya, shi ke kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iskar, a kuskure baki bayan an shaƙa. Tun 2019 masana asma na duniya suka daina ba da shawarar dogaro da shuɗin shi kaɗai. Ka zo a duba ka a rubuta maka. Wata dabara mai araha: ka samu robar ruwa ta rabin lita, ka huda gindinta daidai bakin abin fesawar, ka fesa ciki sau ɗaya ka ja numfashi ta bakin robar sau huɗu ko biyar. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada ta, tana aiki. Ka sa takunkumi a kan babur, ka nisanci turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, ka kuma yi hattara da asfirin da ibufurofen da dikulofenak, suna tayar wa wasu masu asma. In ta tashi har ba ka iya ƙarasa magana, ko leɓe ya canza launi, ko ƙirjin ya yi tsit bayan yana kuka, ka zauna a miƙe, fesa ɗaya-ɗaya har goma, ana kan hanyar asibiti. Azumi kuwa na bar wa Malam.

Malamin Islamiyya:
Malamai sun saɓa. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun tafi a kan ba ya karyawa, don huhu yake zuwa, ba ci ba ne ba sha ba ne. Wasu sun ce a rama. Abin da babu saɓani a kai shi ne in numfashinka ya sarƙe ka fesa nan take, kada ka ce sai an sha ruwa.

Yayar Gida:
Jama'a na dawo, yau kwana tara. Mun je washegari kamar yadda Likita ya ce. An sa masa ɗan abin nan na auna iskar da ke cikin jini a yatsa ya nuna 91, ma'aikaciyar ta ce mai lafiya daga 95 yake zuwa sama. Kaki ya nuna tibi ne. Hoton kuma likitan ya daɗe yana kallo, da na faɗa masa aikin dutse sai ya ce akwai ɗigo-ɗigo a saman huhun biyu da yake zargin ƙura ce, za a sake dubawa in an gama magani. An fara ba shi ƙwayoyi, wata shida zai yi, ba mu biya ko sisi a kansu ba, hoton kawai muka biya. An yi masa gwajin ƙanjamau, babu. An ce in kawo yarana da maigidana a duba su, ƙaramar mai shekara uku za a ba ta na rigakafi. Jiya ya tsorata ya ga fitsarinsa ya yi ja.

Sista Mai Jinya:
Alhamdu lillahi da aka gano. Jan fitsarin daga ɗaya cikin ƙwayoyin ne, ba jini ba ne, har zufa da hawaye yana rinawa. Abin da za ki sa wa ido shi ne idonsa ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya dushe, to ku koma ranar. Wata biyun farko ƙwaya huɗu ce a haɗe, sauran wata huɗun biyu. Wajen sati na uku zai ji ƙarfi ya ce ya warke, a nan ake yin asara, don in ya yanke cutar na iya dawowa da taurin da maganin nan ba ya ci. Ki riƙa ba shi da hannunki kowace safiya. Wake, ƙwai, gyaɗa, zogale, abin da ya sawwaƙa.

Mai Kemis:
Allah ya ƙara sauƙi. Na gode Allah da ba a bi tawa ba. Sista, akwai wasu biyu da ke zuwa sayen maganin tari wurina kusan wata guda, gobe zan tura su.

Yayar Gida:
Damuwata yanzu ɗaya. Yana cewa da ya ji sauƙi zai koma Anka, don a nan ba ya samun ko na sabulu, can kuwa yana turo wa Innarmu kuɗi.

Likita:
Ki nuna masa hoton, ki sa likitansa ya yi masa bayani ido da ido. Huhun nan ba zai ɗauki wata ƙurar ba. In akwai mai hanyar wani aiki a zauren nan wanda ba ƙura, ya taimaka.

Ɗan Kabu-kabu:
Kabu-kabu dai ba zan ce ya shigo ba, ƙurarmu ma ta isa. Amma yayana na neman yaron shago a kasuwar waya, zan yi masa magana in ya gama wata biyun farko.

Ɗan Anka:
Ni tun ranar da Likita ya yi bayanin nan ban yi barcin kirki ba. Ba na tari, amma in na hau benen wurin aikinmu sai na tsaya a tsakiya, da ba haka nake ba. Na kira mutum uku da muka yi rumfa ɗaya, biyu sun yarda mu je tare, ɗaya ya ce shi ba ya son a gano masa abin da zai hana shi neman abinci. Sista, in mutum ba ya fitar da kaki za su karɓe shi? Kuma ƙarfe nawa ya kamata mu isa?

Sista Mai Jinya:
Za su karɓe ku. Ku isa kafin takwas, ku ce hoton ƙirji kuke so saboda kun yi aikin niƙan dutse, ku faɗi shekara nawa kowa ya yi. Na ukun kuma kada ka yi masa faɗa, ka bari sai kun dawo ka sake kiransa.